Me ya sa zuwa New York daga Landan ya fi dawowa ɗaukar lokaci?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na duba jadawalin jiragen sama tsakanin Landan da New York, sai na ga zuwa New York yana ɗaukar kusan awa 8, amma dawowa ba ta cika wuce awa 7 ba, alhali kuwa nisan ɗaya ne. Shin juyawar duniya ce take jawo haka, ko bambancin agogo ne ya ruɗe ni?

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK na New York akwai kimanin kilomita 5,550, jirgin fasinja kuwa yana cin kusan kilomita 900 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama. Juyawar duniya ba ta janye ƙasa daga ƙarƙashin jirgi, domin iskar da jirgin yake ratsawa tana juyawa tare da duniyar. Abin da yake kawo bambancin shi ne wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman Tekun Atlantika, a tsayin kilomita 9 zuwa 12, wato daidai inda jirage suke bi. Jirgin da ya nufi Landan tana tura shi ta baya, wanda ya nufi New York kuwa gaba da gaba suke yi, shi ya sa matuƙa sukan kauce mata ko da hanya za ta ƙara tsawo. Ta fi tsanani da hunturu. A watan Fabrairun 2020, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya iso Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56 kacal.

Malama Mai Lissafi:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai a kula da agogo. Yawancin shekara Landan tana gaban New York da awa 5, kuma tikiti yana nuna lokacin garin da ake ciki ne. Wanda ya tashi daga Landan da ƙarfe 10 na safe zai sauka wajen ƙarfe 1 na rana a agogon New York, ko da yake awa 8 ya yi. Haka kuma lokacin da yake cikin jadawali ya haɗa da tafiyar jirgi a ƙasa da jiran layin tashi, wanda a manyan filaye irin waɗannan ba ƙaramin jira ba ne.

Tsohon Matafiyi:
Gaskiya ne, Malama. Taswirar bango ma tana yaudara: hanya mafi kusa a kan duniya mai siffar ƙwallo tana lanƙwasawa arewa ne, ta kusa da Newfoundland a gabashin Kanada. Jirgin fasinja na Concorde mai gudu fiye da sauti, wanda aka daina aiki da shi a 2003, yakan yi wannan tafiya cikin kusan awa uku da rabi.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. To, ke nan tsakanin biranen da suke kudu da arewacin juna, bambancin zuwa da dawowa ba zai kai haka ba?