Shimi a ajin sagwand: ina kuka yi tuntuɓe?

'Yar Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu BEPC bara, yanzu yana sagwand a nan Damagaram, shimi kuwa, wato darasin sinadarai, ta sa shi gaba. Jiya na tarar da shi ya tasa kaye yana haddar alamomin sinadarai kamar mai tilawa, da na tambaye shi mene ne mol sai ya yi shiru. Ni adabi na karanta, ba ni da abin ba shi. Waɗanda kuka bi ta nan, ina kuka yi tuntuɓe, kuma me ya tashe ku?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Yaya. Ni alamomin ne suka fara kayar da ni. O na oksijen, H na idrojen, wannan ba gardama. Sai ga sodiyom an ce Na, potasiyom an ce K, azot an ce N. Na ɗauka mugunta ce kawai ta masu littafi. Wata rana mushenmu ya shigo aji da gutsuren kanwa a aljihu, ya ce Na daga natriyom take, sunan kuma daga natron ya fito, wato kanwar nan da ake sayarwa tuli-tuli a Kasuwar Dole. K daga kaliyom, asalinta kalmar Larabci ce ta toka. Tun ranar ban sake mantawa ba. Ki gaya masa ya kula da babban baƙi da ƙarami: Co ƙarfe ne, kobalt, CO kuwa iskar nan ce mai kisa da gawayi ke fitarwa idan aka rufe ɗaki da shi lokacin ɗari. Maki biyu na rasa kan wannan.

Mai Keken Ɗinki: Mol ai kamar tiya ce, haka na riƙe ta har na fita lakwal.

Tsohon Mushe: A'a ɗana, nan ne da yawa ke ɓata. Tiya girman mazubi take aunawa. Tiyar gero da tiyar wake yawan ƙwayoyinsu ba ɗaya ba ne. Mol ƙidaya ce, kamar dozin. Dozin 12 ne, ko na ƙwai ko na buhun siminti, sai dai nauyin ya bambanta. Mol ɗaya kuwa ƙwayoyi 6,02 × 10²³ ne, adadin da ake kira da sunan masanin kimiyya Abogadro. Mol ɗin karbon giram 12 ne, na ruwa giram 18, wato ya ɗan ɗara cokalin cin abinci ɗaya. Shekarun da na yi ina koyarwa, nakan zuba ruwan a murfin kwalba in zagaya da shi aji, in ce ga mol ɗaya a hannuna. Yaran da suka gan shi da ido ba su cika rikita shi da lita ba. 'Yata, ki sa ya lissafa nauyin mol na gishiri da kansa: sodiyom 23, kulor 35,5. In ya kawo miki 58,5 to ya kama hanya.

Mai Keken Ɗinki: Na karɓi gyara Malam. Ashe shi ya sa ban taɓa wuce takwas bisa ashirin ba.

Maman Biyu: Ni ba atom, wato ƙwayar zarra ta sinadari, ya dame ni ba, awo ne. A wata jarrabawa an ba mu mililita 250, na zura shi cikin lissafi haka nan ban mayar da shi lita ba. Amsata ta kauce har ninki dubu, hanyar duk daidai, mushe ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa. Na yi kuka a hanyar gida. Abin dariyar, mu da muke juya kuɗi a ka kullum: a ce dala ashirin, ka san faran 100 ne, a ce jaka, ka san 1000 ne, ba ka tsaya tunani ba. Da na fara ɗaukar mililita da lita kamar dala da jaka, ina rubuta sunan ma'aunin a gefen kowace lamba har ƙarshen lissafi, kuskuren ya ƙare. Yanzu a asibiti nake aiki, kuma wannan juyin ne dai nake yi kowace safiya da miligiram.

Ɗan Birni: Maganar atom kuma, kada ya haddace wane ne ke ba da elektron, wane ne ke karɓa. Ya zana. Sodiyom na da elektron 11 jere a zagaye uku: biyu a na ciki (K), takwas a na tsakiya (L), ɗaya tilo a na waje (M). Kulor na da 17: biyu, takwas, bakwai. Mai rarar ɗaya ya miƙa wa mai giɓin ɗaya, shi ke nan gishiri ya samu. Kalsiyom yana da rarar biyu, dole ya nemi kulor biyu, ga CaCl₂.

Baƙon Kano: Ku da kuka tsaya a Faransanci kun huta. Bayan bak na tafi karatu Kano, sai na tarar sunayen sun juya baya. A sunan gishiri, NaCl, mu mun saba da fara kiran kulorur sannan sodiyom, alhali a rubuce Na ce gaba. Su can sodiyom ɗin suke fara kira. Azot ya koma naitirojin. Ga waƙafi: 35,5 ɗinmu su ɗigo suke sawa, waƙafi kuwa na raba dubbai ne. Wata uku ina fassara a zuci kafin in amsa tambaya. Abin da ya cece ni shi ne NaCl ɗin bai canza ba, jadawalin sinadarai na Mendeleyeb ma shi ne dai, gidaje 118 a ko'ina. Shawarata ya riƙe ƙarshen suna da kyau: sulfur babu oksijen, sulfit uku, sulfat huɗu.

Maman Biyu: Na manta, ku gwada wannan a gida tunda ɗakin gwaji ba kowa ke samun shiga ba. Ki jiƙa zoɓo, ki raba kofi biyu. Ɗaya ki matsa lemun tsami, jan zai ƙara haske. Ɗayan ki jefa kanwa, zai yi duhu. Kakata ba ta taɓa zama a benci ba, amma ta san kanwa ke kashe tsamin yakuwa.

'Yar Zango: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka. Ya kawo 58,5 Malam, amma sai da ya fara kawo 28 don ya tara 11 da 17. Yanzu haka ya tafi wurin Inna roƙon kanwa, ita kuma tana tambaya ko cikinsa ne ke ciwo.