Fiƙar magena ta karye, a cire ko akwai gyara?

Mai Mage:
Assalamu alaikum jama'a. Magena ce, shekararta 3, ta faɗo daga kan katanga ranar Asabar wajen bin ƙadangare. Jiya tana hamma na ga fiƙarta ta sama ta guntule, tsakiyar wurin da wani ɗigo ja kamar kan allura. Tana cin abinci, amma da gefe guda take tauna, kan kifin da take rububi a da ma yanzu sai ta shinshina ta wuce. Maigidan ya ce dabba ce, za ta warke da kanta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ɗalibin likitancin dabbobi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan jan ɗigon jijiyar haƙorin ce ta fito fili. A fiƙar mage jijiyar tana kaiwa dab da tsini, shi ya sa ko ɗan ɓalli ne yakan buɗe ta. Ba ya rufewa da kansa. Ƙwayoyin cuta ne za su shiga, ɗigon ya koma baƙi, ruɓa ta bi ta har saiwa. Kada cin abincin ya ruɗe ki, mage gwana ce wajen ɓoye ciwo.

Hanya biyu ce: a cire haƙorin, ko a kwashe jijiyar a cike ramin a bar shi. Ta biyun sai wurin da ke da kayan aiki da ƙwararre, ga tsada. Duka sai an sa ta barci da allura, kuma ya fi kyau a ɗauki hoton haƙorin tukuna. In kina kusa da Zariya ko Sakkwato, jami'o'in can suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Baban Yara:
Ni na yi wannan sakacin da muzuruna. Wata biyar na bar shi, har ya fara atishawa, majina na zuba ta hanci ɗaya. Ashe saiwar fiƙar sama tana jikin kogon hanci. Aka cire, aka yi ɗinki, ya yi mako biyu yana cin kifi da aka marmasa. Haƙori 29 suka rage masa cikin 30, ɓeraye dai har yau ba su huta ba.

Ɗalibin likitancin dabbobi:
Na manta, don Allah kar ki ba ta farasitamol, ko rabin ƙwaya. Guba ne ga mage, kashewa yake.

Mai Mage:
Innalillahi, da yamman nan na yi niyyar jiƙa mata! Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan kai ta. In ba ta abinci kafin mu tafi, ko a bar ta da yunwa saboda allurar?