Bayan an biya tara an fito da su, sai me kuma?

Dan_Tudun_Jukun:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mu matasan masallacin unguwarmu duk azumi mukan yi karo-karo mu je gidan gyaran hali na Ƙofar Doka a Zariya mu biya wa waɗanda 'yar ƙaramar tara ta riƙe, a fito da su, a yi addu'a, a ba su kuɗin mota, shi ke nan kowa ya kama gabansa. To abin da ke ci min rai shi ne wasu kafin babbar salla sun koma ciki, don yaro ya fito ba sana'a, ba mai yarda ya ɗauke shi aiki, a gidansu ma da ya shigo sai a fara ɓoye waya, ƙarshe majalisar 'yan shaye-shayen nan ce kaɗai ke yi masa maraba. Bana muna so mu canza tsari. Wanda ya taɓa irin wannan aikin don Allah ya ce wani abu.

Almajirin_Kona:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri ɗan'uwa, aikin nan yana da asali, a Suratul Insan aya ta 8 Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda ke tsare. Kuma masu bashi suna cikin rukunin mutane 8 masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, don haka wanda bashi ya kai shi ku tuntuɓi malamanku kan zakka. Amma ni a ganina babban aikin na kan mumbari ne. Liman ya riƙa faɗa wa mutane cewa wanda ya tuba kamar wanda bai yi laifi ba ne, kuma shi da kansa ya kama hannun yaron ya kai shi wurin mai unguwa da iyayensa. In liman ya gaisa da shi a bainar jama'a, masu tsegumi sai su sassauta.

Oga_Mai_Walda:
Malam ya yi gaskiya amma wa'azi kaɗai ba ya cika ciki. Ni ina da shagon walda a Sabon Gari kuma na taɓa riƙe irinsu, abin da muke buƙata mu masu shago wani babba ya tsaya wa yaro, in wani abu ya ɓata mu san wa za mu nema. Kuma don Allah kar ku danƙa masa jari a hannu ranar da ya fito, ko ku sai masa keken ɗinki ku tafi, wallahi in yunwa ko ƙishin ƙwaya ya taso sayarwa zai yi. Ku ba ogansa kuɗin abincin rana da na mota na 'yan watanni, ku riƙa leƙowa duk sati, in ya iya aiki sannan a yi maganar kayan aiki. Wasu ma sun koyo kafinta ko ɗinki tun a ciki, ku tambaye su kafin ku zaɓa musu.

Maman_Husna:
Ku maza kullum sai ku manta da mata. Mace in ta fito abin ya fi muni, miji ya sake ta, dangi na gudunta, yaranta an raba su gida-gida. Ku haɗa kai da malaman Islamiyyar matan aure ko 'yan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, su ne za su iya shiga har ɗaka. Sannan masu shan tramol da sholisho sai an haɗa da asibiti, addu'a da magani tare.

Yakubu_Wusasa:
Ni Kirista ne amma ku ba ni dama. A cocinmu mun lura daren farko shi ne mai haɗari, saboda haka tun yana ciki ake fara ziyartarsa a san shi, a je a lallashi danginsa, ranar fita kuma wani na jiransa a bakin ƙofa ya san inda zai kwana. Akwai Prison Fellowship, ƙungiyar Kirista mai taimakon fursunoni da Charles Colson, wanda shi ma tsohon fursuna ne, ya kafa a Amurka a 1976, kuma suna aiki a Najeriya. In kuna so mu zauna, yaran nan duk na Zazzau ne.

Dalibar_Kongo:
Ƙari a kan na Baba Yakubu, dokar 2019 da ta canza sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Kuma mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, su ba tara ce matsalarsu ba, lauya da mai tsaya musu beli suke nema, ku ware wani abu don wannan.

Dan_Tudun_Jukun:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan kai wa kwamiti shawarar mu rage yawan waɗanda muke fitarwa mu riƙe kaɗan da kyau. Oga da Baba Yakubu zan turo muku saƙo, ko Asabar bayan la'asar ta yi muku?