Bel ɗin kujerar jirgi da bai kai ba: abin da masu jiki suka gani a tafiya

Wata Hajiya daga Kano ce ta buɗe zancen:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in kawo ta gabanku. Ni mace ce mai jiki, kuma a azumin da ya wuce na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda domin yin Umara. Da na zauna na jawo bel ɗin kujera, sai na tarar saura kamar faɗin tafin hannu kafin bakin bel ɗin biyu su haɗu. Na ja ciki, na riƙe numfashi, na gyara zama har sau uku, amma bai shiga ba. A gefena akwai wata yarinya sa'ar 'yata, kuma nauyin a ji ina neman taimako a gabanta ya hana ni buɗe baki, sai na ɗora bakin bel ɗin biyu a kan cinyata na rufe su da hijabi. Da ma'aikaciyar jirgi ta zo dubawa ta kalle ni, na gyaɗa mata kai, ta wuce.

Haka muka tashi, haka muka sauka, fiye da awa huɗu ban ɗaure ba. A tsakiyar tafiya jirgin ya shiga gargadar iska har shayin yarinyar ya zube a jikinta, ni kuwa na ƙanƙame hannun kujera ina salati, ina jin jikina yana ɗagawa daga mazauni. Sai da na dawo gida 'yata ta gaya mini cewa ana ba da ƙarin bel ga wanda ya nema. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗi abin da ya gani da idonsa, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ce.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jirgi daga Abuja ta amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare, kuma lallai ba ke kaɗai ba ce. A shekarun da na yi ina wannan aiki na sha ɗaga bargo ko gefen mayafi in tarar bel a buɗe, kuma ba mata kaɗai ba, har da manyan alhazai da ke ɓoye shi a ƙarƙashin babbar riga. Ƙarin bel ɗin guntu ne mai kama da wanda muke ɗagawa lokacin bayanin kariya, tsawonsa yakan kai inci 25, wato sama da santimita 60, ana maƙala shi a bakin na kujera, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a nema tun a ƙofar shiga jirgi, a faɗa wa ma'aikaciyar da ke gaisawa da fasinja lambar kujera cikin murya ƙasa-ƙasa. Ni nakan naɗe shi a tafin hannuna in miƙa kamar mai ba da saƙo, har na kusa bai san abin da ya faru ba. Neman da wuri yana da wani amfanin, domin adadin da jirgi ke ɗauka ba shi da yawa.

Abin da ya sa ba ma wasa da bel shi ne gargadar iskar da kika ambata, wadda wani lokaci takan zo sararin sama na tangaram, matuƙi bai hango ta ba. A ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da ita a sararin Miyanma, ta watsa waɗanda ba su ɗaure ba har kawunansu suka bugi rufin jirgi, wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, mutane da dama suka jikkata, aka karkata jirgin ya sauka a Bankok. Wanda bai ɗaure ba kuma ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba, domin idan iska ta ɗaga shi a kan wani zai faɗo.

Ina kuma jan hankali kan ƙarin bel da ake sayarwa a intanet. Tun 2012 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta sanar da kamfanoni cewa kada a bar fasinja ya yi amfani da nasa, saboda na kamfani ne ake dubawa a kai a kai, na kasuwa kuwa babu wanda ya san ko zai riƙe ranar da aka buƙace shi.

Wani ɗan kasuwa daga Kaduna ya rubuta:

Hajiya, ni nawa ya zo ta wata fuskar. Ni dogo ne kuma ina da jiki, shi ya sa a wata tafiya zuwa Dubai na ƙara kuɗi na sayi kujerar layin ƙofar gaggawa don in samu wurin miƙe ƙafa. Da na nemi ƙarin bel, sai ma'aikacin ya tsaya a kaina ya ce da ƙarfi dole in tashi daga wannan layi, kowa na ji, kowa na kallo. Aka mayar da ni kujerar tsakiya can baya, gwiwoyina na tokare da ta gaba har muka sauka. Ban yi jayayya da dokar da ta hana mai ƙarin bel zama a wannan layi ba, amma abin da ya ƙona mini rai shi ne lokacin da ake karɓar kuɗina babu inda aka nuna mini wannan sharaɗi a fili, kuma sai da na yi wata biyu ina bin diddigi kafin a mayar mini da ƙarin da na biya.

Tsohuwar ma'aikaciyar ta sake cewa:

Alhaji, an yi maka ba daidai ba a yadda aka faɗa maka, amma dalilin dokar mai ƙarfi ne. Kafin a ba kowane babban jirgin fasinja izinin aiki sai an nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe suke. Dogon bel da ya faɗi ƙasa a bakin ƙofar gaggawa yana iya harɗe ƙafar mai gudu cikin duhu ko hayaƙi, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa zaunar da mai ƙarin bel a wannan layi.

Wani injiniyan gyaran jirage ya shigo:

Ina so in ƙara bayani kan iyakar bel ɗin kansa, domin mutane suna ɗauka kamfani ne kawai ke yin rowar tsawo. Kujera da bel ɗinta abu ɗaya ne a wajen gwaji. Ana ɗora mutum-mutumi mai nauyin kilo 77 a kai, a fizge shi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 16, a ga ko kujerar za ta tsaya a ƙasan jirgi, ko bel zai riƙe ƙugu, ko kai zai bugi abin da ke gaba. Duk abin da aka ƙara a kan wannan tsari sai an san shi an amince da shi, kuma wannan ne ya sa galibi ƙari ɗaya ake yarda da shi, ba a jona biyu.

Akwai kuma kujerun da aka saka wa jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum idan an yi haɗari, a cikin bel ɗin, musamman a layin gaba da ke fuskantar bango da kuma wasu kujeru masu tsada. Irin wannan bel yana da kauri a gefe ɗaya, kuma dole jakar ta tsaya daidai a gaban mutum kafin ta yi amfani. A 2018 kamfanin Thai Airways ya sanar cewa wanda ƙugunsa ya wuce inci 56, wato santimita 142, ba zai zauna a ɓangare mai tsada da ake kira na 'yan kasuwa a jiragensa ƙirar Boeing 787-9 ba, saboda ba a iya ƙara wa bel ɗin tsawo. Ke nan wani lokaci kujera mai tsada ita ce ba za ta karɓi mai jiki ba. Ra'ayina shi ne tun da kamfanoni sun san tsawon kowane bel da faɗin kowace kujera, babu hujjar da za ta hana su rubuta waɗannan lambobi a wurin sayen tikiti, yadda mutum zai auna kansa tun yana gida.

Wani malamin makaranta daga Zariya ya ce:

Ni ba mai jiki ba ne, amma na taɓa zama maƙwabcin mai jiki daga Legas zuwa Kano, kuma ina ganin ya kamata a ji wannan ɓangaren ma. Bawan Allah nan ya ɗaga hannun kujerar da ke tsakaninmu don ya samu shiga, ni kuma na karkace zuwa taga har muka iso, kafaɗata ta yi tsami. Da farko raina ya ɓaci, amma da na lura da shi sai na ga ya harɗe hannuwansa a ƙirji tun daga tashi har sauka, ya ƙi karɓar ko ruwa don kada ya buɗe tiren abinci ya ƙara takura ni, gumi na zuba a goshinsa duk da sanyin jirgi. Da muka sauka ya ba ni haƙuri har sau biyu. Kujerar jirgi ƙirar Boeing 737 mai mutum shida a jere faɗinta kusan inci 17 ne, ta Airbus A320 kuma kusan 18, kuma ko ni da ba ni da nama kafaɗuna sun cika ta. Na biya kuɗin kujera guda ban same ta cikakkiya ba, wannan gaskiya ne, amma wanda ya sayar mana da wurin ne ya kamata ya raba wannan gardama tun kafin mu shiga, ba ya bar baƙi biyu su yi ta jin nauyin juna ba.

Wata 'yar'uwa mazauniyar Kanada ta rubuta:

Malam ya taɓo inda maganar take. A nan, tun Janairun 2008 hukumar sufuri ta ƙasa ta yanke hukuncin da ake kira mutum ɗaya kuɗi ɗaya, wanda ya wajabta wa kamfanonin jiragen sama na Air Canada da WestJet su ba da kujera ta biyu kyauta ga wanda ƙibarsa ta kai matsayin lalura, a tafiye-tafiyen cikin gida. Mahaifiyata ta ci moriyar wannan bayan likita ya cike mata takarda, kuma a karon farko na ga ta sauka daga jirgi ba tare da shatin hannun kujera a cinyarta ba. Sai dai da zarar tafiya ta zama ta ƙetare, kamar zuwa gida Najeriya, wannan hukunci ba ya aiki.

A Amurka kuwa kowane kamfani da nasa tsarin, kodayake ma'aunin da aka fi amfani da shi guda ne: hannuwan kujera biyu su sauka, bel kuma ya ɗauru ko da da ƙari ɗaya. Kamfanin Southwest ne aka daɗe ana yabo saboda yakan mayar da kuɗin kujera ta biyu bayan tafiya, amma daga 27 ga Janairu 2026 ya tsaurara, ya ce a saye ta tun farko, kuma mayar da kuɗin sai idan jirgin ya tashi da gurbi.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ƙara da cewa:

Ina gargaɗin mai niyyar sayen kujera biyu da ya yi ta hannun kamfanin kai tsaye. Ni ta hannun ejan na saya, sai a filin jirgi na tarar ɗaya tana layi na 14 ɗaya tana na 27. Bayan an gyara kuma, da jirgi ya cika sai aka kawo wani aka zaunar a kujerar da na biya, saboda ban karɓi takardar shiga jirgi ta biyu ba. Yanzu nakan karɓi takardu biyu, in sa a duba kowacce a ƙofa, in ajiye ɗaya a kan kujerar.

Hajiya ta dawo ta ce:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Jiya na sa telata ta auna ni a zaune, na rubuta lambar a bayan fasfona. Na kuma yi magana da malamar da ke yi wa maniyyata mata bita a unguwarmu, domin ana koya mana ɗawafi da jifa da yadda ake amfani da banɗakin jirgi, amma ban taɓa jin an ambaci ƙarin bel ba, alhali da yawa daga cikin iyayenmu da ke tafiya masu jiki ne kuma ba sa jin Turanci. Ta amince za ta saka shi a darasin mako mai zuwa, kuma ta roƙe ni in zo in ba su labarin hijabin da kaina. Na ce mata zan zo in sha Allah.