Kujerun Tsohuwar Roba: Shawarwarin Majalisarmu a Gusau

Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada hira ta karkata kan kujeru da teburan da ake ƙerawa da tsohuwar roba. Kafintan cikinmu ya ce a duba lambar gindin roba: mai 2, irin ta jarkoki, da mai 5 sun fi yin ƙwari bayan narkarwa. Mai 3, irin bututun ruwa, kada a kusantar da ita wuta, hayaƙinta guba ne.

Gara ba ta cin kujerun da teburan, damina ba ta ruɓar da su, kowa ya yarda. Rana ce matsalar. Baba ya ce baƙar kujera a Afrilu gasa cinya take, a sayi fara, a ajiye a inuwa. Ni kuwa na ce a zauna a kai kafin a biya, wata kyan ido kawai gare ta.