Sati bakwai da aikin ƙafa, yaushe zan koma motsa jiki?

Maman 'Yan Biyu, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema gurin waɗanda suka sani. Yau sati bakwai cif da aka min aiki a ƙafar dama, ƙashin nan na gindin babban yatsa da yake turowa gefe har yatsan ya kwanta kan ɗan uwansa, likitoci suna ce masa baniyon. Mamanmu ma tana da shi, ni kuma takalman biki masu tsini suka ƙarasa ni. An yanka ƙashin an daidaita an ɗaure da 'yan ƙarafuna biyu, sati na biyu aka cire zare, tun lokacin ina cikin baƙin takalmin asibitin nan da ake takawa da dunduniya.

Kafin aikin kullum bayan asuba ni da maƙwabciyata muna zagaya wajen filin wasa na Agege, tafiya da ɗan sassarfa kamar minti 40, saboda hawan jini ne likita ya sa ni. Yanzu wallahi zaman ya ishe ni, kilo biyar na ƙara, siket ya ƙi zugewa. Ciwo kam babu, sai dai da yamma ƙafar ta tashi fam kamar burodin Agege, yatsan kuma ya sandare baya lanƙwasuwa. Mama ta bugo daga Katsina tace in dinga gasawa da ruwan zafi sannan a nemo mai ɗori ya ja yatsan. Sai sati mai zuwa zan koma asibiti. To tunda ba ciwo in fara fita ne ko in jira?

Ummi Obalende:
Wa alaikumus salam, sannu Anti, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne.

Hajiya mai leshi:
Ƙanwata zauna ki ji daga wadda ta riga ki. Ni ta hagu aka min, kuma irin maganar nan taki na yi, tunda ba ciwo ai na warke. Sati na takwas na cusa ƙafa a kambas na nufi kasuwar Balogun saro kaya, na hau gadar ƙafa ta Oshodi na sauko, sai na hango bas ɗin BRT zata tashi na ɗan ruga, rugawar da bata kai taku ashirin ba. Da dare ƙafa tayi sumtum, ko zanin gado ya taɓa sai na ce wash, washegari 'yata ce ta riƙe ni zuwa banɗaki. Allah ya taimake ni hoto ya nuna ƙarfen bai goce ba, amma sati uku na koma baya ina kwance ƙafa kan filo biyu, shago a hannun yara.

Fata ce take saurin rufewa ta yaudare ki, ƙashi shi sai sati 6 zuwa 12 yake haɗewa. Kumburin yamma kuwa ki ma daina lissafa shi, ni sai da na kusa wata shida kafin ƙafata ta shiga takalmina na da. In zaki sayi kambas ki je da yamma lokacin da ƙafar ta gama tashi, ki ɗau mai faɗin gaba, kar ki bari mai shago yace miki zai buɗe da kansa.

Ɗan Mile 12:
Hajiya ni dai maganar Mama ce tawa, akwai wani mai ɗori a wajenmu hannunsa da albarka, shi ya ɗaura ƙanina da ya faɗo daga mota.

Mai gashin ƙashi, Idi-Araba:
Malam kayi haƙuri amma nan ba gurin ɗori bane. Ɗori na karaya ne, ita kuwa likita ne ya yanka ƙashin da gangan ya jera shi a inda yake so, in aka samu mai ƙarfin hannu ya fizga ana iya rusa aikin gaba ɗaya. Anti ruwan zafin ma ki ajiye shi, zafi ƙara kumburi yake a wannan matakin. Ki kwanta ki ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinki tsayi, ki naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora minti 15, in ba wuta ko ledar ruwa mai sanyi ta isa.

Kar ki cire takalmin asibiti sai an yi hoto likitanki ya ce ƙashi ya kama. In ya baki izini, yawanci da tafiya ake farawa a shimfiɗaɗɗen guri, minti 10, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, sai keken motsa jiki na tsaye ki dinga danna feda da tsakiyar ƙafa. Gudu da tsalle sai wajen wata uku zuwa shida, ya danganta da irin aikin. Awonki shine washegari: in kin tashi kumburi ko ciwo ya fi na jiya, kin zarce, ki rage.

Ni yatsan da ya sandare ɗin nan ya fi damuna fiye da kilo biyar ɗin. Duk takun da mutum zai yi da babban yatsa yake tunkuɗa ƙasa, in bai koyi lanƙwasuwa ba zaki koma taka gefen ƙafa, daga nan gwiwa da ƙugu su fara ƙorafi. Ki roƙi a tura ki gashin ƙashi a nuna miki yadda zaki riƙe gindin yatsan ki motsa shi sama da ƙasa a hankali. Kafin nan ba wanda ya hana ki motsa hannu da ciki kina zaune, ko ɗaga ƙafa kina kwance. Amma in kinga ja, ruwa ko mugunya a gurin ɗinki, ko zazzaɓi, ko sha raɓa ta kumbura tana ciwo, kar ki jira ranar komawa, ki tafi a ranar.

Malama Agege:
Ba wanda ya taɓo sallah. Tunda ƙafar dama ce, sujada da zaman tahiya duk yatsan nan ake tanƙwarawa, ki ci gaba da yi a kan kujera 'yata, addini ya yi rangwame ga mara lafiya. Tsugunno gurin alwala ma ki nemi 'yar kujera.

Maman 'Yan Biyu, Agege:
Kai na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Malama kamar kin gan ni, shekaranjiya na gwada sujada a ƙasa sai da hawaye ya zubo min, ban faɗa wa kowa ba. Na maida kambas ɗin ƙarƙashin gado, ranar Talata zan tambayi likita maganar hoto da gashin ƙashi. Saura Mama, wa zai taya ni gaya mata ba za a kira mai ɗori ba? Ta riga ta ba direban tirela man shafawa ya taho min da shi.