Lamba 42: me Jackie Robinson ya yi da har ake girmama shi haka?

Ɗan Nima:

Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta tashi a bes wajen shan ataya, saboda wata rigar gwanjo daga Kantamanto mai rubutun Dodgers a gaba da lamba 42 a baya. Wani ya ce rigar Jackie Robinson ce, baƙar fata na farko da ya buga besbol a Amurka kuma gwanin da ba a taɓa yin irinsa ba. Wani ya ce tallan Turawa ne kawai. Mu dai ƙwallon ƙafa da dambe muka sani. Don Allah masana, shi ne na farko da gaske? Shi ne ya fi kowa? Kuma me ke cikin wasan da ya sa shigarsa ta zama abin tarihi?

Tsohon Koci, Sabon Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sai ka san yadda wasan yake kafin ka gane abin da mutumin ya sha.

Kowace ƙungiya mutum 9 ne, ana yin zagaye 9. Filin yana da kusurwa huɗu. Su ma bes suke ce wa kowace kusurwa, amma don kada a rikita da na ataya zan ce tasha: tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai gida. Tsakanin kowace biyu ƙafa 90 ne, wato mita 27 da 'yan kai. Mai jifa yana tsaye ƙafa 60 da inci 6 daga gida, yana wurgo ƙwallo mai nauyin giram 145 ko kusa da haka, mai tauri kamar ɗanyen mangwaro. Mai bugu yana riƙe da kulkin katako. In ya buga, sai ya ruga tasha ta ɗaya kafin a kai ƙwallon can. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya.

Ana auna mai bugu da yawan bugun da ya kai shi tasha lafiya. Wanda ya samu 300 cikin 1,000 gwani ne. Robinson ya samu 297 a 1947, ya samu 342 a 1949, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon gasar, kuma jimillarsa a Dodgers 311 ce cikin shekaru 10.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne satar gida, sau 19 ya yi. Mai gudu yana tasha ta uku, maimakon ya jira a buga, sai ya fizga zuwa gida yayin da mai jifa ke shirin jifa. A lissafi kamar hauka ne: ƙwallon ba ta kai rabin daƙiƙa ba take isa, mutum kuwa yana buƙatar fiye da daƙiƙa 3. To dabarar ba a ƙafa kaɗai take ba. Sai ka fara matsawa daga tashar taku uku ko huɗu, kana rausaya gaba da baya har ka gane tsawon lokacin da mai jifa ke ɓatawa wajen ɗaga ƙafa da juya jiki. Ya fi sauƙi in mai jifan bahago ne, don bayansa yake juya wa tasha ta uku. Ya fi kyau kuma mai bugu ya zama na dama, don jikinsa yana kare wa mai cafewa, wanda ke tsugune bayan gida, gani. Inda abin ke ɓaci: in ka tashi da wuri, mai jifa zai sauka daga wurinsa ya miƙa ƙwallon gida a tsanake, ka iske tana jiranka. In kuma mai bugu bai lura ba ya kai bugu, kulkin da kanka zai haɗu. A wasan farko na gasar ƙarshe ta 1955, Robinson yana da shekara 36 ya yi wa Whitey Ford na Yankees wannan sata, kuma Ford bahago ne. Mai cafewarsu, Yogi Berra, har ya tsufa yana rantsuwa alƙali ne ya yi kuskure.

Ka kuma lura da wuraren da ake iya cutar da mutum a ce tsautsayi ne. Mai jifa yana iya saita haƙarƙari ko kai, kuma a 1947 ba a sa hular kwano. A shekarar sau 9 aka jefi Robinson da ƙwallo. Sannan a tasha ta ɗaya aka ajiye shi, wurin da bai saba ba, inda dole ƙafarka ta tsaya kan tashar kana miƙe kana jiran ƙwallo, mai gudu kuma yana tahowa da takalmi mai ƙusoshin ƙarfe. A watan Agusta 1947 Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da su.

Malama Maamobi:

Ɗana, amsar tambayoyinka biyu na farko duk a'a ce, kuma hakan bai rage masa komai ba.

Ba shi ne na farko ba. Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a babbar gasa, wato matakin ƙoli na besbol a Amurka, a 1884. Bayan nan ne masu ƙungiyoyi suka rufe ƙofa, kuma ba da rubutacciyar doka ba, da fahimtar juna kawai. Shi ya sa abin ya yi wuyar yaƙa: shugaban wasan, Kenesaw Mountain Landis, yana iya cewa babu dokar da ta hana, alhali babu wanda ke ɗauka. Landis ya mutu a Nuwamba 1944. Baƙar fata kuwa sun kafa tasu gasar tun 1920, lokacin da Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyi a Kansas City.

Ba shi ne ya fi kowa ba kuma. Su kansu 'yan gasar baƙar fata da an tambaye su Josh Gibson za su nuna wajen bugu, Satchel Paige wajen jifa. Robinson kakar wasa ɗaya tak ya yi a cikinsu, a 1945 tare da Kansas City Monarchs, kan dala 400 a wata. A jami'ar UCLA ma nau'in wasanni huɗu ya yi, kuma besbol ne ya fi rauni a ciki.

To me ya sa Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya ɗauke shi? Don ba gwani kawai yake nema ba, yana neman wanda ba za a samu abin kamawa a jikinsa ba. An haifi Robinson ranar 31 ga Janairu 1919 a Jojiya, ya tashi a Pasadena ta Kalifoniya, ya yi karatu da wasa tare da fararen fata, ya zama hafsan soja, ba ya shan giya ba ya shan taba, yana da wadda zai aura. Gibson a lokacin ba shi da lafiya, ya rasu a Janairu 1947 yana da shekara 35. Paige kuma shekaru sun ja.

Abin da mutane ke kuskurewa shi ne ɗaukarsa mai sanyin hali. Ba haka yake ba ko kaɗan. A Yuli 1944, a sansanin soja na Camp Hood da ke Teksas, direban bas ya ce ya koma kujerar baya ya ƙi, aka gurfanar da shi a kotun soja, aka wanke shi. Shekara 11 ke nan kafin Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas. Rickey ya san wannan labarin sarai. Ranar 28 ga Agusta 1945 ya zaunar da shi kusan awa uku yana kwaikwayon mai otal, da ɗan wasa mai zagi, da mai kai naushi, yana zazzaga masa irin abin da zai ji. Sharaɗin ɗaya ne: kada ka rama. Dalilin a fili yake. In ya rama sau ɗaya, jaridu za su ce ga shi nan, haɗa su fitina ce, a sake rufe ƙofar. Mai sanyin hali zai karye, mai zafi marar linzami zai rama. Mai zafin da zai iya haɗiyewa ake nema.

Rickey mataki-mataki ya bi. Ya ba shi dala 3,500 na sa hannu da dala 600 a wata, ya tura shi Montreal ta Kanada a 1946, inda wariya ba ta kai ta Amurka ba. Ya samu 349 cikin 1,000, ya fi kowa a gasar. Atisayen da aka yi a Fulorida a shekarar ne ya nuna matsalar: a Jacksonville kulle filin aka yi don kada ya buga. Saboda haka a 1947 Dodgers suka kai atisayensu Habana ta Kuba. Duk da haka wasu 'yan ƙungiyar sun fara tara sa hannu cewa ba za su yi wasa da shi ba, sai da koci Leo Durocher ya taka musu birki. Ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fito a filin Ebbets kan albashin dala 5,000 a shekara, mafi ƙanƙanta da ake biya. A watan nan kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya sa 'yan wasansa suka yi ta zaginsa daga benci, abin da ya sa abokan wasansa suka fara tsaya masa. Akwai garuruwan da ƙungiya za ta sauka otal, shi a nema masa wani wuri. Sai a 1949 aka kwance masa linzami, ya fara gardama da alƙalai kamar kowa, nan take waɗanda suka yabe shi da ladabi suka koma cewa ya cika baki.

Baba Asawase:

Malama ta yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma akwai ɓangaren da masu bikin lamba 42 ba sa son taɓawa, kuma wanda ya ce talla ne bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Rickey bai biya Monarchs ko kwabo ba. Hujjarsa ita ce gasar baƙar fata ba ta da kwantiragi na kirki. Masu ƙungiyoyin kuma ba su da bakin magana, don duk wanda ya kai ƙara za a ce shi ne ya hana ɗan'uwansa ci gaba. Effa Manley ta Newark Eagles ce ta tsaya kai da fata, har Bill Veeck na Cleveland ya biya ta dala 15,000 kan Larry Doby, wanda ya fara wasa ranar 5 ga Yuli 1947, mako 11 bayan Robinson, ya sha irin zagin, amma ba a cika tuna shi ba.

Ku tuna gasar nan kasuwanci ce babba. Monarchs tun 1930 suke yawo da fitilun wasan dare a kan motoci, shekara 5 kafin babbar gasa ta fara wasan dare. Akwai direbobi, masu sayar da tikiti, 'yan jarida, masu masauki da masu abinci da ke ci a jikinta. Da Robinson ya shiga Dodgers, 'yan kallo suka bi shi, ɗaya daga cikin manyan gasannin baƙar fata biyu ta rushe bayan kakar 1948. 'Yan wasa ƙalilan aka ɗauka, ba a ɗauki koci ko mai ƙungiya ba. Kamar a buɗe wa mutanen Zango babban kanti ne a ce kowa ya shigo ya saya, amma rumfunan cikin unguwa su mutu, kuma ba a ba kowa rumfa a can ba.

Ƙofar ma a hankali ta buɗe. Paige sai 1948 ya shiga yana da shekara 42. Boston Red Sox sai 1959 suka sa baƙar fata, bayan Robinson ya riga ya yi ritaya. A Disamba 2020 ne aka amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, aka haɗa alƙalumansu a Mayu 2024. Da aka haɗa, Gibson ya hau sama da 372, ya wuce Ty Cobb mai 367.

Ɗan Nima:

Na gode iyayena. To shi Robinson ya san da wannan? Bayan ya bar wasa shiru ya yi?

Malama Maamobi:

Bai yi shiru ba. Ya yi ritaya a Janairu 1957, wata biyu kafin Ghana ta samu 'yanci, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts, ya yi ta yawon tara wa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, kuɗi. Yana cikin taron neman haƙƙin baƙar fata na Washinton na 28 ga Agusta 1963, washegarin rasuwar Du Bois, masanin nan baƙar fata ɗan asalin Amurka, a nan Ankara ta Ghana. A 1964 yana cikin waɗanda suka kafa bankin Freedom National a Harlem, wanda ya nuna maganar Baba ta mallakar dukiya ba ta wuce shi ba. Siyasarsa dai ta jawo masa suka daga nasa: ya ba da shaida a majalisa a 1949 kan kalaman Paul Robeson, mawaƙi baƙar fata mai fafutuka, ya goyi bayan Nixon a 1960, ya yi cacar baki da Malcolm X a jaridu.

An sa shi a zauren gwarzaye a 1962. Ciwon suga ya cinye shi har idonsa ya kusa tafiya. Ranar 15 ga Oktoba 1972 aka karrama shi a Cincinnati, a gaban jama'a ya ce zai fi farin ciki ranar da ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya. Bayan kwana 9 ya rasu yana da shekara 53. Frank Robinson, wanda ba danginsa ba ne, shi ya samu wannan muƙamin a Cleveland a 1975.

Tsohon Koci, Sabon Zango:

Game da rigar kuwa: a 1997 aka janye lamba 42 daga dukkan ƙungiyoyi, sai waɗanda ke sanye da ita a lokacin aka bari su ƙarasa. Na ƙarshe Mariano Rivera ne, a 2013. Tun 2009 kowace 15 ga Afrilu kowa a fili 42 yake sawa. Ka duba bayan rigar: a zamanin Robinson ba a rubuta suna, lamba ce kawai. Ka duba gaba kuma, jar lambar da ke ƙasan rubutun Dodgers sai a 1952 aka fara sa ta.